Tsohon jirgina ba na haya ba ne

Yau ba batun farashin masara ko canjin naira da sefa zan yi muku ba, ko da yake na san saboda su ne mafi yawanku kuke buɗe wannan shafi. Batun wani tsohon kwalekwale ne da na saya a bakin kogi nan Gaya, wanda ya mai da ni abin dariya a rumfunan abokaina wata guda cur, har yanzu ma in na ratsa kasuwa wasu kan ɗaga murya su ce ga sarkin ruwa nan tafe. Na shanye dariyar, amma ina da magana a kanta, domin ina ganin abin ya shafe ku fiye da yadda ya shafe ni.

Jirgin na wani dattijo ne Basarke wanda idonsa ya soma rauni, ƴaƴansa kuma sun koma tuƙa manyan jirage masu inji. Na katakon maɗaci ne, tsawonsa kamar mita 7, ya yi shekara fiye da 10 ana kamun kifi da shi. Muka daidaita a kan jika 70. Na ƙara jika 25 wajen sauya katako biyu na gindinsa da sayen ƙusa da kwalta da filafilai biyu. In aka haɗa duka, bai kai kuɗin wayar da ke aljihun wasu daga cikin masu yi mini dariya ba.

Tambayar kowa ɗaya ce: fito za ka riƙa yi da shi, ko haya za ka ba da shi? Da na ce a'a, iyalina zan riƙa fita da su shan iska ranar hutu, sai wani Alhaji mai sayar da atamfa, abokina tun muna lakwal, ya dafa kafaɗata ya ce: "Malam, shan iska a kan ruwa ai aikin Nasara ne. Mu wurinmu kogi hanya ce."

To, wannan magana ta Alhaji ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce take damuna. Mu mutanen kasuwannin iyaka, daga Gaya zuwa Malanbil, daga Dole zuwa Lolo, ba mu san kogin Isa ba sai ta fuska biyu: hanyar kaya, da kuma wurin da muke rasa ƴan uwanmu. Mutum zai yi shekara 30 yana ƙetare shi da buhunan albasa da garin rogo, amma bai taɓa zama a kansa minti 10 hankalinsa kwance ba. Yana ciki yana lissafin duwan, yana lissafin kuɗin fito, yana addu'a a kai gaɓa lafiya. Uwargidana ta yi shekara 18 a garin nan, kuma ba ta taɓa shiga jirgi ba sai don zuwa sayen kayan biki ko gaisuwar rasuwa a ƙetare.

Fuska ta biyu kuwa na fi kowa saninta, saboda aikina na gidan rediyo. Mu ne ake kawo wa sanarwa in abu ya faru. A watan Satumba na 2017 jirgi cike da ƴan kasuwa ya tashi daga nan Gaya zuwa kasuwar Lolo ta jihar Kebbi, ya kife a hanya, aka tsamo gawa fiye da 30. A watan Fabrairu na 2019 wani ya nutse a yankin Sambera ɗauke da mutane da hatsi, kimanin mutum 40 suka salwanta. Kowane lokaci sai a ce lodi ya yi yawa, iska ta taso, kuma haka ne. Amma akwai abin da masu fito suke faɗa mana wanda ba a cika maimaitawa ba: da zarar jirgi ya ɗan karkata, fasinjoji sai su miƙe tsaye gaba ɗaya, su ruga gefe guda, su ƙarasa kifar da shi da kansu. Wanda ya faɗa ruwa kuma sai ya ƙanƙame na kusa da shi, su tafi tare. Mafi yawanmu ba mu iya iyo ba, ko zaman jirgi ma ba mu iya ba, alhali a bakin ruwa aka yanke mana cibiya.

Yanzu ku dubi ƴaƴanku. Sana'arku za su gada, kogin nan za su yi ta ƙetarewa har su tsufa. A ina za su koyi ruwa? Lakwal ba ta koyar da shi, makarantar allo ba ta koyar da shi. Abin da muka iya kawai shi ne mu hana su zuwa bakin kogi da tsawa da bulala, su kuma su faki idonmu su tafi da rana tsaka ba tare da babba ba. Ni dai na gwammace ɗana ya san ruwa ina zaune a bayansa, a wurin da ruwan bai wuce ƙirjina ba, da ya fara saninsa ranar da jirgin kasuwa ya karkata da shi a tsakiyar kogi.

Ba zan ɓoye muku ba, ban sayi jirgin don wannan dogon tunani kaɗai ba. Na saye shi don yana yi mini daɗi. Ranar Lahadi da hantsi mukan ɗauki tabarma da kwanon dambu da kwaɗon zogale da butar shayi, mu shida: ni da uwargida da yara uku da wani saurayi jikan dattijon, wanda yake riƙe mana bayan jirgi. Mukan bi gefen gaɓarmu a hankali, mu wuce gonakin shinkafa da mata masu wanki, mu ratsa ta bakin burgu inda shanun Fulani suke shiga har wuya. In ruwa ya ja baya akwai wani tudun yashi da muke sauka, nan muke hura gawayi mu ɗora shayi. Autarmu, mai shekara 7, yanzu tana bambanta zalɓe da belbela, ta san kukan kirinjijiya tun kafin ta gan su. Babban ɗana, wanda a gida ba ka jin bakinsa sai in yana neman kuɗin kati, a kan ruwa ne ya fara gaya mini abin da yake so ya karanta. Ban san dalili ba, amma yaro ya fi sakin baki in hannunsa yana kan filafili, ba ya kallon fuskar ubansa. Ita kuwa uwargida, ranar farko ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu tana salati har muka sauka. A fita ta huɗu ita ce ta ce: "Malam, yau mu ɗan ƙara gaba mana."

Wanda yake so ya gwada, tsohon jirgi ya ishe shi, da tsohuwar zuma ake magani. Amma kada ya je ciniki shi kaɗai kamar mai sayen tsohon keke. Ya nemi Basarke ko kafintan jirgi wanda ba shi da rabo a cinikin. Ni na ga yadda nawa ya yi. Ya sa aka kwarfe ruwan da ke ciki sarai, aka bar jirgin ya kwana a kan ruwa, da safe muka zo muka ga abin da ya tsatso. Ya bi gindinsa yana ƙwanƙwasawa, inda katako ya ruɓe ƙararsa daban take. Ya riƙa soka tsinin wuƙa a kusurwoyi da wajen goshi. Duk inda ya ga facin gwangwani sai ya ce a ɓamɓare, domin a ƙarƙashin faci ake ɓoye ciwo. A nan muka gano katako biyun da na sauya, a nan kuma farashi ya sauko daga jika 90. Bayan gyara aka cusa tsumma a tsakanin katakai aka bi da kwalta. Ya kuma gargaɗe ni kada in ja shi tudu in bar shi a rana da sunan adana shi, katako zai bushe ya tsage. Jirgi a ruwa yake zama, a ɗaure da sarƙa.

Sai a san lokaci. Kogin nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, mai gudu da laka da itatuwa, ga hadari da kan taso ba sallama. A wannan lokaci jirgina ba ya motsi, ko yara sun yi kuka. Akwai kuma baƙin ruwa da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso mana da sanyi, shi ya fi natsuwa amma yana da zurfi, kuma iskar hunturu takan ta da igiya. Mun fi fita daga ƙarshen sanyi zuwa bazara. Ba ma kaiwa magariba. Inda masunta suka ce akwai dorina ba ma zuwa gani. Yara ba sa wanka a ruwan da ya kwanta cikin ciyawa, saboda tsargiya. Kowannensu yana da rigar ruwa, na saye su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake tara kayan ɗaki. Kada kuma a manta iyaka a cikin ruwan take. Tun hukuncin kotun duniya ta Heg a 2005, wanda ya bar wa Nijar tsibirin Lete, iyakarmu da Benin tana bin babbar hanyar jirage ce ta cikin kogin. Saboda haka mu a gefenmu muke tsayawa, katin shaida yana aljihu, kuma kafin fita ina gaisawa da jami'an tsaro na bakin ruwa su san da mu.

Yanzu ga wurin da na saɓa da abokaina ƙwarai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, da CEDEAO ta rufe iyakoki, aka toshe gadar Gaya da Malanbil, komai ya koma ta ruwa: mutane, babura, buhuna, har marasa lafiya. Ko da CEDEAO ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu na 2024, ɓangarenmu na gadar bai buɗe ba a lokacin. Duk wanda yake da abin da zai iya yawo a kan ruwa ya zama mai arziki. Sau uku samari suna zuwa har gida su ce in ba su jirgin, su riƙa kawo mini jika 4 kullum. Ku yi lissafi da kanku, ku ne gwanayensa: cikin wata ɗaya na mai da kuɗina har da riba. Albashin gidan rediyon al'umma kuwa kun san shi, wani watan ma sai haƙuri.

Na ƙi, kuma har gobe zan ƙi. Ba don na raina masu fito ba, su ne suka ciyar da garuruwan nan biyu lokacin da gada ta zama kango, kuma wanda ba shi da wata hanyar abinci ba ni da bakin yi masa wa'azi. Dalilina shi ne na san jirgina. Na ga cikinsa ranar da aka ɓamɓare faci. Mutum 6 a zaune, a gefen gaɓa, da rana, zai ɗauke su shekara da shekaru. Amma saurayin da zai kawo mini jika 4 dole ya samo tasa a kai, kuma ba zai samo ta da mutum 6 ba. Zai zuba 15, ya ɗora buhu 10 da babur a tsakiya, ya ratsa inda ruwa ya fi ƙarfi, wani lokaci da dare. Tsofaffin ƙusoshin nan ba za su yi masa gardama a gaɓa ba, sai an kai tsakiya. Ranar da abin ya faru, ni za a miƙo wa takardar sanarwa in karanta a rediyo, da sunayen mutanen da na sani, watakila har da naku.

Shi ya sa nake roƙon ƴan kasuwa masu hali abu biyu da suka yi kama da masu karo da juna. Ku sayi tsohon ƙaramin jirgi, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku huɗu ku saya, ku ba wani dattijon Basarke ɗan abin goro ya riƙa kula da shi yana koya wa yaranku. Sannan in kun saya, ku cire shi daga littafin ciniki. In kuwa fito kuke so ku yi, wannan wata sana'a ce daban, tana son sabon jirgi babba da matuƙi sananne, da kuma mai jirgin da zai iya cewa lodi ya isa alhali akwai sauran fasinja a gaɓa da kuɗi a hannu.

Alhaji mai atamfa bai daina kirana sarkin ruwa ba. Sai dai makon jiya bayan sallar Juma'a ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya, ya ce yaransa biyu sun dame shi, ko zan tafi da su ranar Lahadi. Na ce madalla, amma sai ya saya musu rigunan ruwa tukuna, shi ma ya zo ya zauna a tsakiya. Ya ce shi dai yaran kawai. Rigunan kuma an gaya mini yana can yana cinikinsu, ya taya rabin kuɗi, mai kaya ya ce albarka.