Tafkin Tiga da Wasan Zamiya a Kan Ruwa: Me Ya Sa Kano Ta Kudu Ke Da Ruwa Amma Ba Ta Da 'Yan Wasa?

Sunan Tiga ya sake cika kunnuwa a 2024, lokacin da Sanata Kawu Sumaila mai wakiltar Kano ta Kudu ya gabatar wa majalisar dattawa ƙudirin ƙirƙiro Jihar Tiga. An yi ta muhawara kan iyakoki da hedikwata da rabon muƙamai, amma shi kansa tafkin da ake son raɗa wa jiha sunansa bai samu shiga cikin zancen ba. Ga tambayar da ya kamata matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su yi: bayan shekara 50 da tare wannan ruwa, me ya sa ban da noma da su, babu wani abin da ake koyarwa a kansa?

Wasan zamiya a kan ruwa, musamman nau'insa da ake kira silalom, baƙo ne a ƙasar Hausa. Duk da haka, tsarin koyonsa yana haska matsalar Tiga, domin wasa ne da ba ya yarda a tsallake mataki.

Ruwan da ke kwance

Gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwan da ya kusa mita mai siffar sukari biliyan 2. Daga yankin Bebeji ya miƙa kudu zuwa Tudun Wada, har ya yi iyaka da dajin Falgore. Shi ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta tarayya ce, ke kula da shi.

Waɗanda suka tsara aikin sun yi tunanin shaƙatawa tun farko. An gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse mai kallon tafkin, aka kuma gina wani a bakin tafkin Bagauda. A yau ginin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, shi kuwa Rock Castle ya shafe shekaru yana jiran farfaɗowa. An gina ɗakunan kwana, amma ba a gina abin da zai kawo masu kwanan ba: masu koyarwa, masu ceto, ƙa'idar shiga ruwa, da jama'ar gari da suka ɗauki wasan ruwa a matsayin nasu.

Yadda wasan yake

Wani matashi mai suna Ralph Samuelson ne ya fara zamiya a kan ruwa a 1922, a tafkin Pepin da ke jihar Minesota ta Amurka, da alluna biyu na katako da igiya. An kafa ƙungiyar duniya ta wasan a 1946, wadda a yanzu ake kira IWWF, kuma an nuna shi a matsayin gwaji a gasar Olamfik ta 1972 a Jamus.

A silalom, ɗan wasa yana tsayawa a kan allo guda, ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana riƙe da igiyar da jirgi mai inji ke ja. Filin yana da tsawon mita 259. Jirgi na bin tsakiya ɗoɗar, shi kuwa ɗan wasa yana kai da komo hagu da dama don kewaya ƙwallaye shida da aka ɗaure a kan ruwa, uku a kowane ɓangare, kowace tana nesa da tsakiya da mita 11.5. Duk wanda ya kewaye shidan, sai a ƙara masa gudu, har ya kai kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. Daga nan gudu ba ya ƙaruwa, igiya ce ake gajartawa: daga mita 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, zuwa 13, zuwa 12, zuwa 11.25, har ƙasa da haka.

Idan igiya ta kai mita 11.25, ta gaza kaiwa ƙwallo ke nan, sai ɗan wasa ya cike gurbin da tsawon jikinsa. Nate Smith ɗan Amurka ya kafa tarihi a 2013 da ƙwallaye biyu da rabi a igiya mai mita 9.75, wato igiyar da ta gaza ƙwallon da mita 1.75. Abin lura shi ne, ko shi ma ba a ba shi damar gwada wannan igiya sai ya kammala wadda ta gabace ta.

Matakalar mai koyo

Mai koyo yana farawa ne nesa da waɗannan ƙwallaye. Sharaɗin farko iya iyo, na biyu rigar kariya daga nutsewa wadda ta yi daidai da jiki. Darasin farko a kan tudu ake yin sa: yadda ake tsugunawa, gwiwoyi a ƙirji, hannaye a miƙe. Sannan a shiga ruwa da alluna biyu, jirgi na tafiya a hankali, kimanin kilomita 30 a awa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne jawo igiya zuwa ƙirji ko gaggawar miƙewa, alhali aikin ɗagowa na jirgi ne.

Idan tsayuwa ta zauna, sai koyon tsallaka tudun ruwa biyu da jirgi ke bari a bayansa kamar kunyar gona. Bayan nan mai koyo ya riƙa ɗaga ƙafa ɗaya, sai ya saki allo guda yana cikin tafiya, daga bisani ya koyi tashi daga cikin ruwa da allo guda tun farko. Masu koyarwa kan bar ɗalibi ya daɗe yana juyi a buɗaɗɗen ruwa kafin su kai shi fili, domin wanda ya fara bin ƙwallo kafin jikinsa ya daidaita yakan koyi munanan ɗabi'u masu wuyar gyara: lanƙwasa ƙugu, kallon ƙasa, da ja da ƙarfin hannu maimakon jingina da nauyin jiki. Ci gaba na zuwa ne ta gajerun zagaye da ake maimaitawa, da gyara kuskure ɗaya a lokaci guda, da duba hoton bidiyo, wanda wayar hannu ma ta isa ta ɗauka.

Wasan ba na mutum ɗaya ba ne. Dole a samu direba da ya iya riƙe gudu da layi, da mai sa ido wanda ke zaune yana fuskantar baya. Akwai alamun hannu da kowa ya sani: babban yatsa sama, a ƙara gudu, ƙasa, a rage, wanda ya faɗi kuma ya ɗaga hannu don a san lafiyarsa ƙalau. Ashe kafin a samu gwani ɗaya, sai an samu mutane da yawa da suka san aikinsu.

Matakin da aka tsallake

A nan ne lissafin Kano ya karkace. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwalekwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen da ke kan hanyar zuwa Mauludi, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Aƙalla mutum 29 ne suka rasu. Bagwai ba ta cikin Kano ta Kudu, amma abubuwan da suka haddasa musibar, wato lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya, ba su keɓanta da ita ba. A kowace shekara kuma Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano na fitar da sanarwar tsamo gawarwakin yara da samari daga kududdufai da rijiyoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yankin Afirka ne ya fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Jihar da ke alfahari da yawan madatsun ruwa, amma iyo ba ya cikin abin da yawancin makarantunta ke koyarwa, ba ta taka matakin farko ba.

Akwai kuma batun lafiya. Cutar tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi na ruwa ke yaɗawa, ta daɗe da zama a yankunan madatsu da magudanan noman rani. Duk wani shirin tura yara cikin ruwa dole ya zo tare da gwajin wurin da rabon magani.

Ruwan na wa?

Ko da an samu kuɗi gobe, akwai ƙulli a kan iko. Madatsar tana hannun hukumar tarayya, dokokin zirga-zirgar ruwa na hannun Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, wasanni da yawon buɗe ido kuma na ma'aikatun jiha ne. A bakin ruwa kuwa, masunta da sarakunan ruwa ne ke da ta cewa. Inda masu iko suka yi yawa, mai laifi kan ɓace ranar da abu ya faru.

Masunta su ne za su fara jin jiki idan aka shigo da jirage masu gudu ba tare da tsari ba. Farfelar inji na yanka kalli da taru, tudun ruwan da jirgi ke tayarwa na iya kifar da ƙaramin kwalekwale. Silalom ba ya buƙatar tafki gaba ɗaya: lungu yake so, mai kwanciyar ruwa, wanda iska ba ta dukansa, marar kututture a ƙasa. Saboda haka ƙananan ruwaye irin Bagauda da Ruwan Kanya sun fi dacewa a fara auna su. Sai dai ware lungu ɗaya ma na buƙatar yarjejeniya a rubuce da waɗanda ke ci da ruwan, da lokutan da aka amince a kai. Matakin ruwan Tiga kuma yana sauka da rani idan aka saki ruwa ga manoma, kuma abinci ne gaba da wasa.

Tsaro ma na cikin lissafi. Dajin Falgore ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu, abin da ya sa rundunar soji ta mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017. Babu uban da zai tura ɗansa bakin tafki idan bai amince da hanyar ba. Haka nan jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci tun 2000 na buƙatar tsarin sutura da lokuta na daban da mata masu koyarwa, in ba haka ba rabin al'umma za su tsaya a bakin gaɓa.

Tsada da mafita

Masu suka za su ce wannan wasan 'ya'yan masu hannu da shuni ne, kuma suna da hujja. Jirgin da aka ƙera don silalom na cin dubun-dubatar daloli, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowane zagaye ya ƙara tsada. Bai dace gwamnatin da ke fama da ajujuwa marasa rufi ta sayi irin wannan jirgi da kuɗin jama'a ba.

Amma ƙananan matakan ba su da tsada, kuma amfaninsu ya wuce wasa. Koyar da iyo, raba rigunan kariya a kowace mashiga, horar da samarin masunta su zama masu ceto da albashi, da rajistar direbobin kwalekwale, duk ceton rai ne tun kafin a yi maganar gasa. Na gaba shi ne tseren kwalekwale, wanda ba baƙo ba ne: a bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, ana gwada gwaninta a tuƙi da iyo da nutso. Ayomide Bello ta wakilci Najeriya a tseren kwalekwale a gasar Olamfik ta Tokiyo, alamar cewa hanyar a buɗe take.

Shi kuwa matakin ƙarshe a bar wa 'yan kasuwa, bisa lasisi mai sharaɗi. Tun shekarun 1960 wani injiniya Bajamushe, Bruno Rixen, ya ƙirƙiro hanyar jan 'yan zamiya da waya mai kewayawa a sama, wadda injin lantarki ke juyawa. Ba ta buƙatar jirgi ko fetur, tana ɗaukar mutane da yawa a lokaci guda, kuma ba ta tayar da ruwan da zai dami masunta. A Tiga, inda jihar ta gina tashar lantarki mai megawat 10, wannan zaɓi ya cancanci nazari.

Abin da za a tambayi wakilai

Mazaɓun Kiru da Bebeji, da Doguwa da Tudun Wada, sun fitar da 'yan majalisar da ake jin muryarsu a faɗin ƙasa, Abdulmumin Jibrin da Alhassan Ado Doguwa. Matasan da ke taya su muhawara a Facebook na iya ƙara tambayoyi huɗu a jerinsu: rigunan kariya nawa ke mashigun Tiga? Masu ceto nawa ke bakin aiki, kuma wa ke biyansu? Makarantu nawa ke koyar da iyo? Wace hukuma ce za ta amsa idan jirgi ya kife?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan har za a ga ɗan Bebeji ko 'yar Tudun Wada na kewaya ƙwallaye shida a kan ruwan Tiga wata rana, aikin zai fara ne daga ɗan aji uku na firamare da aka koya wa yadda zai kwanta a kan ruwa ba tare da ya firgita ba.