Daga Kwanar Ɗangora Zuwa Riruwai: Maganar Da Za Mu Kai Gaban Jagorori

'Yan uwa 'yan jam'iyya, musamman na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Tun da aka fara raɗe-raɗin cewa wasu manyanmu na cikin birni suna shirin zama su fitar mana da 'yan takara da sunan maslaha, wayata ba ta huta ba. Wani ya ce mu yi shiru, biyayya ita ce siyasa. Wani ya ce mu tattara namu ya namu mu bar musu jam'iyyar. To ni dai ba na tare da ko ɗaya. Jam'iyyar nan da guminmu aka gina ta, babu inda za mu. Amma ɗauki-ɗora kam, a wannan karon ba za mu karɓa ba, kuma dalilina ba wani ɗan takara ba ne. Dalilina ƙasar nan ce da muke zaune a kanta, wadda da yawa daga masu yanke mana hukunci ba su san ta ba sai ta gilashin mota ranar kamfen.

Bari in fara da Bebeji, don akwai yaranmu da suke ganin mu 'yan rakiya ne a tarihin Kano. A farkon shekarar 1903, lokacin da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya za ta ci Kano, a Bebeji aka fara tare ta. Mutanen gari suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa, sai da aka harba musu igwa, aka kashe sarkin garin da wasu jama'arsa. Bayan nan ne rundunar ta wuce ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. Wato jinin farko da aka zubar don kare Kano, a nan kudu aka zubar da shi. Kuma a Bebejin nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa fataken goro masu bin hanyar Gwanja. Duk mai alfahari da dalar gyada, ko da jikokin gidan nan da suka cika duniya da kasuwanci, to ya san inda aka yanke cibiyar abin.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar ruwa.

Marigayi Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa, ya gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a kan Kogin Kano. Ruwan da take iya riƙewa ya kusa kubik mita biliyan biyu, babu kamarta a jihar nan. Daga ina ruwan yake zuwa? Daga duwatsun kudu, ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, inda damina ta fi ko'ina ƙarfi a jihar Kano. Ina aka tare shi? A ƙasar Bebeji. Su wa aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da maƙabartun iyayensu don ruwan ya samu wurin kwanciya? Mutanenmu. To ina ruwan yake tafiya? Arewa yake yi. Babbar hanyar ruwan da aka gina ta ɗauke shi ta kai Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman rani shekara da shekaru. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa Legas da wannan ruwan aka shayar da shi. Shinkafar Kura haka. Wanda aka saki cikin kogi kuma ya gangara Tamburawa, a tace shi a tura famfunan birni, ragowar ya wuce har Haɗeja.

Kada wani ya fassara ni. Ba na baƙin ciki da mutanen Kura ko na birni, 'yan uwanmu ne, Allah ya ƙara musu albarka. Abin da nake faɗa shi ne, ruwa gangare yake bi, shi ya sa wanda yake sama da madatsa ba ya samun komai sai an yi niyyar ba shi: sai an sa injin turawa, an ja bututu, an yi ƙananan hanyoyin ruwa. Wannan niyyar ce ba a taɓa yi da gaske ba cikin shekara hamsin. Ni da idona na ga mata a wani ƙauye da ke kallon Tiga, ana hango ruwan yana ƙyalli kamar teku, su kuma suna layi a bakin rijiya da jarkoki tun asuba. Manomin da ya matsa sai ya yi rani a bakin dam, da kuɗinsa zai sayi inji, da kuɗinsa zai sayi mai, ga taki ya yi tashin gwauron zabo. An yi maganar wutar lantarki daga Tiga tun shekarun baya, an sha yanka kintinkiri da ɗaukar hoto. Ku je ku tambayi mai injin casa a Tudun Wada da me yake aiki, zai nuna muku jarkar gas.

Tunda na ambaci Tudun Wada, wanda bai taɓa shiga garin nan lokacin kaka ba bai san abin da ake kira shinkafa ba. Mata suna turarawa, ana shanya a kan tabarmi da leda har bakin titi, injina suna ruri, motoci suna lodi. Duk wannan da ƙarfin mutane ake yi, ba da wani tallafi ba. Da za a ba su tsayayyar wuta da rance mai sauƙi kawai, wallahi da ba mu roƙi kowa aikin gwamnati ba.

Daga nan sai ka shiga Falgore. Wannan daji da a da ake kira gandun Kogin Kano, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita dubu, an keɓe shi ne don namun daji da masu yawon buɗe ido. Kowa ya san abin da ya koma a shekarun baya: maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har direbobin hanyar Jos ba sa yarda magariba ta riske su a ciki. An kawo sojoji sun kafa wurin atisaye, an samu sauƙi, kuma duk wanda ya yi wannan mun gode masa ko ɗan wace jam'iyya ne. Sai dai makiyayi da manomin da ke gefen dajin har gobe da ido ɗaya suke barci.

Ka wuce dajin ka hau duwatsun Riruwai, hedikwatar Doguwa. Tun kafin Bature ya zo mutanen nan suke haƙo kuza suna narkawa, fatake suna kai ta kasuwanni. Turawa suka zo suka ɗebi rabonsu, kamfanoni suka biyo baya, da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985 harkar ta durƙushe, aka bar wa gari ramuka. Yau samarinmu ne suke shiga ramukan nan da diga da shebur da tocila, wani ya fito wani sai dai a yi masa salla. Kuma ga wani abu da 'yan birni ba su cika lura da shi ba: mutumin Riruwai ya fi kusa da Jos a kan Kano. Saminaka ce kusa da shi. Idan haihuwa ta zo wa matarsa da gardama cikin dare, ba birnin Kano yake fara tunani ba. Mutumin da jiharsa ta yi masa nisa haka, a ce kuma wakilin da zai yi magana da yawunsa ma a otal ɗin cikin birni za a zaɓa masa? Haba ranku ya daɗe!

Ƙiru ba sai na daɗe ba. Kwanar Ɗangora ita ce ƙofar da duk wannan yankin yake buɗewa kan titin Zariya, ga dajin Ɗansoshiya da aka yi ta shelar za a mayar matsugunin makiyayi na zamani. Mutanen wurin su za su gaya muku nawa ne a takarda, nawa ne a ƙasa.

Ku duba yadda ake juya mu kamar waina. A 2019 aka wayi gari an cire mu daga masarautar Kano, a 2024 aka wayi gari an mayar da mu. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan, ba shi na zo tayarwa ba. Tambayata ɗaya ce: a duka biyun, wa ya zo Doguwa ya tara dattawa ya ji ta bakinsu? Shi ya sa duk lokacin da aka ɗago maganar jihar Tiga za ka ga jama'a sun yi caa, ba don suna ƙin Kano ba, sai don sun gaji da zama a ƙarshen layi.

Yanzu bari in juyo kanmu, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke sayar da ƙuri'a a kan taliya da atamfa. Daliget ɗinmu ne ake kwasa a kai masauki a ƙwace musu waya, su fito da ambulan suna murmushi. Kuma yaranmu ne ake ba ƙwaya da makami. Abin da ya faru a Tudun Wada a zaɓen 2023, da aka rasa rayuka aka yi ƙone-ƙone, babu ɗan wani babba ko ɗaya a cikin waɗanda aka binne. 'Ya'yan talakawa ne, 'yan gari ɗaya, wasu ma dangin juna. Duk wanda ya zo wannan shafin yana zuga yara, ko namu ne, za mu goge rubutunsa mu toshe shi.

Ga abin da ɓangarenmu zai kai gaban jagorori, cikin ladabi amma ba da rawar murya ba. Muna son zaɓen fidda gwani na ƙato bayan ƙato a mazaɓun tarayya biyun nan, Ƙiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, har da kujerun majalisar jiha. A yi layi a kowace mazaɓa da rana tsaka, a ƙirga a gaban kowa. Wanda ya ci, ko ba namu ba ne, za mu ɗauki fastarsa mu shiga ƙauye da ita. Sannan duk mai neman kujera ya zo gaban jama'a ya faɗi abin da zai yi a kan ruwan noman rani ga ƙauyukan da ke sama da Tiga, da asibitin da zai iya yi wa mace tiyata a Doguwa ba sai an ratsa daji da ita ba, da ramukan Riruwai. A ɗauke shi a waya, mu ajiye.

Shugabannin mazaɓu, don Allah kowa ya zauna da mutanensa cikin makon nan, maza da mata, a rubuto sunayen ƙauyukan da ba su da ruwan sha da waɗanda hanyarsu ke yankewa da damina. Wanda ba zai samu zuwa ba ya rubuta sunan garinsu da matsalar a ƙasan wannan rubutun, za mu tattara mu haɗa da takardar da za a miƙa.