Ki Shuka Miyarki a Tsakar Gida Tun Kafin Watan Haihuwa

Daga Sista, Sashen Awon Ciki



Duk ranar awo, kafin in ɗora hannu a kan cikin mace, nakan ja fatar idonta ta ƙasa in duba, sannan in juya tafin hannunta. Idan na ga sun yi fari fat, na san abin da takardar gwajin jini za ta ce tun kafin ta dawo. Sai in tambaye ta me ta ci jiya. Amsar ba ta cika sauyawa ba: koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da miya tsararo da dare. Idan na ce ina ganye, sai ta ce, "Sista, ganye ya yi tsada," ko kuma, "Maigida bai haɗo da shi a cefane ba."

Ra'ayina shi ne, duk gidan da ake sa ran haihuwa ya kamata a samu ɗan lambu a cikinsa, ko da buhu huɗu ne a jikin bango. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ganyen da ke tsakar gidanki ba ya jiran albashi, ba ya jiran ranar kasuwa.

Me ya haɗa lambu da ɗakin haihuwa?

Idan ciki ya shiga, yawan jinin da ke yawo a jikinki yakan ƙaru da kusan rabi, domin a wadatar da ke da abin da ke cikinki. Jiki ba ya ƙera jini sai da kayan aiki, kuma manyansu su ne sinadarin ƙarfe da sinadarin folik asid. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mai ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan ma'aunin jininta ya gaza 11 a watannin farko ko na ƙarshe. Alamunsa kin san su: jiri, kasala, haki bayan ɗan aiki, bugun zuciya da sauri.

Kowace mace tana zubar da jini wajen haihuwa. Wadda ta zo da jininta cike takan jure, ta tashi ta rungumi jaririnta. Wadda ta zo da shi kaɗan, zubar da ba ta taka kara ta karya ba sai ta galabaitar da ita, a shiga faɗi-tashin neman wanda zai ba da jini da tsakar dare. Na sha tsayawa a kan irin wannan gado, kuma ba na yi wa kowa fatansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jinin ranar haihuwa a cikin wata tara ake tara shi, loma bayan loma.

Abubuwan da za ki shuka

Na farko zogale. Idan wuri ɗaya kawai kike da shi, ki ba shi. Ki samu reshe mai kauri, tsawonsa kamar kamu biyu, ki kafa shi a farkon damina, ko ki shuka ƙwayarsa. Idan ya kai tsayin ƙirjinki sai a datse kansa domin ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannu. Ganyensa yana da sinadarin ƙarfe, da sinadarin gina ƙashi, da abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Yana jure fari, kuma shekara da shekaru za ki yi kina tsinka.

Na biyu alayyafo. Shi ne mai saurin biyan buƙata, domin cikin mako huɗu zuwa biyar da shuka za ki fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ki gauraya shi da yashi kafin ki yafa. Idan kika yanka sama kika bar gindin, zai sake tofowa. Ki riƙa shuka buhu ɗaya duk bayan mako biyu, yadda wani na ƙarewa wani na isowa.

Na uku rama da yakuwa. Ba su da wahalar reno, kuma ɗan tsaminsu yakan taimaki mai laulayi da bakinta ya ƙi komai. Faten tsaki da yakuwa ya sha ceto matan da ko ƙamshin miya ba sa so.

Na huɗu kuɓewa da lalo. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Miyar yauƙi tana sauƙaƙa bayan gida, kuma kin san taurin bayan gida da basir suna cikin abubuwan da suka fi damun masu ciki, musamman idan an fara shan ƙwayar ƙarin jini.

Na biyar dankalin Hausa mai jan ciki, wanda idan aka yanka shi launinsa kamar na karas. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ta fitar da ire-irensa a 2012 da 2013, saboda yawan bitamin A da ke cikinsa. Da reshe ake dasa shi, yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, kuma ganyensa ma ana miya da shi. Kabewa ma tana da wannan amfanin, idan kina da katanga ko rumfar da za ta hau.

Na shida tumatir, tattasai da albasa mai lawashi. Waɗannan sun fi son lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Amfaninsu babba ne: ƙarfen da ke cikin ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, amma bitamin C da ke cikin ɗanyen tumatir, tattasai da lemun tsami yana taimaka masa ya shiga. Ashe iyayenmu da suka haɗa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa sun san abin da suke yi.

A ƙarshe, ki ajiye tukunya ɗaya ta na'a-na'a, ɗaya ta ɗoɗɗoya. Ƙamshin miya suke ƙarawa, yadda za ki rage dunƙule da gishiri, abin da ya fi dacewa da mai hawan jini.

"Ba ni da fili, ba ni da ruwa"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ban raina ta ba. Da yawanmu gidan haya muke, tsakar gidan siminti ce, ruwa kuma sai an saya wajen 'yan garuwa. To amma tsohon buhun shinkafa, da bokitin da ya huje, da tukunyar da ta tsage, duk gona ne. A huda ƙasansu domin ruwa ya riƙa fita, a cika da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan yashi, a ajiye inda rana ke samu akalla rabin yini. Ranar da za a tashi daga gidan, sai a ɗauki lambun a tafi da shi.

Batun ruwa kuwa, ki lissafa wanda ake zubarwa a gidanki kullum: ruwan alwala sau biyar, ruwan wankin shinkafa, ruwan wankin kayan miya. A tara a bokiti, a ba shuka da yamma. Ban da ruwan kwata, da ruwan da aka sa omo ko bilic.

Akwai kuma masu ganin cin ganye alamar babu ce. Ni dai na ga matar mai hali da lemun kwalba da biredi suka cika mata ciki, jininta ya yi ƙasa, na kuma ga matar ƙauye da dambun zogale da wake suka riƙe ta. Jini bai san kuɗin kwano ba.

Yadda za ki dafa

Ki wanke ganye sosai kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba. Ki sa shi a ƙarshen girki, kada ya daɗe a wuta, domin zafi mai yawa yana lalata folik asid da bitamin C. Ki rage kanwa, ita ma tana kashe wasu bitamin. Ki sa ɗan mai ko gyaɗa, saboda bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki. Idan za ki busar da zogale ko kuka domin rani, ki shanya a inuwa. Sannan kada ki kora abinci ko ƙwayar ƙarin jini da shayi, domin ganyen shayi yana hana ƙarfe shiga jiki. Ki ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu.

Lambu ba ya maye gurbin awo

A nan nake so ki saurare ni da kyau. Komai yawan zogalen da kika ci, ba zai kai abin da ciki ke buƙata shi kaɗai ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum, kuma ta ga ma'aikatan lafiya akalla sau 8 kafin haihuwa. Ƙwayoyin nan da muke ba ki ke nan. Folik asid ma an fi son a fara shi tun kafin ciki ya shiga, domin lakar jariri tana haɗuwa ne a cikin mako huɗu na farko. Ki haɗa da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nama gwargwadon hali.

Haka kuma ganyen miya daban, jiƙo daban. Ki ci ganyen zogale, amma ki nisanci saiwarsa da ɓawonsa. Ki sha gwanda nunanna, ki bar ɗanya mai farin ruwa. Jiƙe-jiƙen saiwoyi da sassaƙe da ake ba mata da sunan maganin zaƙi ko na saurin naƙuda, ba a san adadin abin da ke cikinsu ba. Wasu suna sa mahaifa ta riƙa murɗawa da ƙarfi babu hutu, jariri ya wahala, wani lokaci mahaifar ma ta fashe. Idan an ba ki wani abu kin sha, ki faɗa mana gaskiya. Ba faɗa za mu yi ba, sanin zai taimake mu mu taimake ki.

Kiyaye kanki a lambu

Ki sa takalmi, domin akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa ta riƙa shan jini a hanji. Ki sa safar hannu ko leda idan za ki taɓa ƙasa, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, saboda kashin kyanwa yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke iya illata jariri a ciki. Ki tabbata kin karɓi allurarki ta rigakafin tetanus. Kada ki yi feshin maganin ƙwari da kanki. Toka ko ruwan jiƙon ganyen darbejiya sun isa ƙaramin lambu. Ki rufe duk mazubin ruwa kada sauro ya hayayyafa, domin zazzaɓin cizon sauro yana kan gaba wajen cinye jinin mai ciki. Kuma don Allah, gidan sauron da aka ba ki na gadonki ne, kada a kewaye alayyafo da shi saboda kaji. Kara ko tsohuwar tabarma sun isa.

Kira ga maigida da iyayenmu

Malam maigida, ɗaukar buhun ƙasa da haƙa rami da jan ruwa naka ne, ba na mai ciki ba. Yini ɗaya na hutu ya ishe ka ka kafa zogale ka cika buhu huɗu. Ka kwatanta wannan da kuɗi da tashin hankalin neman jini leda biyu. Hajiya uwar miji, ke kika fi mu sanin irin rama mai kyau da yadda ake adana shi. Ki kawo wa surukarki iri, ki nuna mata, jikanki ne zai amfana.

Ke kuma 'yar'uwa, idan yau cikinki wata uku ne, alayyafon da kika shuka a makon nan za ki ci shi kafin ki shiga wata na biyar, zogalen kuma zai kai ki har jego da shayarwa. Idan kin dawo awo na gaba, ki gaya mini abin da kika shuka.

Allah Ya raba lafiya, Ya ba mu masu albarka. Amin.