Kafin a Miƙa wa Yaro Injin Wankin Mota

'Yan uwa ɗalibai, injin feshin ruwan da a da sai wurin masu wankin mota muke ganinsa, yanzu ya shigo gidaje. Wasu sun saya, wasu aro suke yi idan Sallah ta matso don a wanke kafet da tsakar gida. Kuma wa ake miƙa wa? Mu 'yan makaranta. A ganina bai kamata a ba yaro wannan inji ba sai an koya masa, kuma akwai abubuwan da ko babba bai dace ya fesa da shi ba.

Ku tuna darasin matsi a ajin Fiziks. Ruwan famfo yakan fito da matsin bar 2 zuwa 4. Ƙaramin injin gida kuwa yana kai bar 100 zuwa 150, duk ta wata 'yar mitsitsiyar kafa. Irin wannan ruwa yana huda fata. Abin tsoron shi ne raunin yakan zama ɗan ƙarami a ido, alhali ruwa da datti sun shige cikin nama. Wanda hakan ta same shi, asibiti za a kai shi nan take, ba a ɗaure da tsumma a jira gobe. Don haka wanke ƙafa da shi, ko fesa wa ƙane da sunan wasa, ganganci ne. A sa takalmi rufaffe maimakon silifas, a kare ido da tabarau, domin tsakuwa tana tashi.

Ɓarnar dukiya ma ba kaɗan ba ce. Tsohon fenti da filasta ɓamɓarewa suke yi, ginin ƙasa kuwa ba a ma maganarsa. A jikin babur, ruwan yana kore giris daga sarƙa da boris, sai bayan kwanaki a ji ƙara a rasa dalili. Farantin sola soso da ruwa kawai yake so. Mitar wuta da soket, a yi nesa da su.

Yawancin injina suna zuwa da kawuna masu launi. Ja shi ne mafi haɗari, domin ruwansa tsinke ɗaya ne. Kore da fari suna baza ruwa, su suka dace da aikin gida. A fara daga nesa, a gwada a lungun da ba a gani, kuma kada a matso fenti ko tayar mota ƙasa da santimita 30.

Wani zai ce ai injin yana rage wahala, yana kuma cin ruwa ƙasa da tiyo. Gaskiya ne, a kan daɓen siminti ba shi da na biyu. Amma mai amfani da fetur hayaƙinsa irin na janareto ne, yana kisa idan aka kunna shi a gareji ko zaure rufaffe. Mai amfani da lantarki kuma, wayarsa kada ta kwanta cikin ruwa.

Muna roƙon malamanmu na kimiyya su aro ɗaya wata rana, su fesa shi a kan guntun katako a filin asambuli, kowa ya ga ramin da jan kan nan yake yi da idonsa.