Bom a tashoshin mota: shingen hanya kaɗai ba zai kare matafiya ba

Ranar Talata 24 ga watan Fabrairu na 2015, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya tada bom a tashar mota ta Potiskum, daidai lokacin da ake lodin fasinja. Bayan ƴan awowi aka sake yin haka a tashar Kano Line da ke Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu a wuraren biyu. Kwana biyu bayan nan, sai tashoshin Biu da Jos.

Zaɓen tasha ba katari ba ne. Tun da sojojin Chadi da Nijar da Kamaru suka shiga yaƙin gadan-gadan, Boko Haram ta fara rasa garuruwa, sai ta koma inda babu mai tsaro. Barikin soja yana da ƙofa ɗaya. Tasha kuwa kowa na shiga da buhu ko jaka, ba mai tambaya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kowace safiya motoci na tashi daga Maraɗi ta Ɗan Isa, daga Damagaram ta Matamaye, zuwa Kano. Ƴan kasuwarmu da ɗalibai da masu neman magani a irin waɗannan tashoshi suke sauka.

Abin da hukumomi suka fi sabawa da shi shi ne ƙara shingaye: jandarma ya duba katin ɗan ƙasa, mota ta wuce. Amma a Potiskum da Kano, motar ba ta ma kama hanya ba. A Difa, a 2015 dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur. A lokacin ƴan kabu-kabu sun rasa abin yi, tasha kuma tana nan a buɗe. Waɗanda suka san baƙuwar fuska a tasha, wato direbobi da ƴan kamasho da masu tuwo-tuwo, ba kasafai ake zama da su ba.

Sai dai a nan ma akwai hatsari. A farkon Maris na 2015, a wata kasuwar Bauchi, taron jama'a ya kashe wata matashiya bisa zargin tana ɗauke da bom. Idan za a sa ƴan tasha cikin aikin tsaro, dole ya kasance akwai jami'i a wurin da za a miƙa wa wanda ake zargi, kafin taro ya kai gare shi.