Daga Bakin Rumfa: Kasuwa Tana Bin Hanya

Makon jiya wani ƙanena a Maraɗi ya kira ni yana neman shawara: an taya filinsa da ke bayan gari, wai ya sayar ya ƙara jari. Na ce masa dakata, bari in ba ka labarin Nguru.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya Turawa suka ja reshe zuwa gabas, kimanin kilomita 230, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya tsaya a Nguru a 1930. Ba don son mu suka yi ba, gyaɗa suke so, da ƙaro da fatu. Amma wa ya ci moriya? Duk wanda ya farga da wuri. Layin bai shiga Haɗeja ba, sai ga Malam Madori ta zama kasuwar gyaɗa albarkacin tasha. Nguru kuwa, da yake nan ne ƙarshen layi, har daga ƙasar Manga da Damagaram ake kawo kanwa da shanu a loda tarago. Dillalai, 'yan dako, masu masauki, mata masu tuwo, kowa ya samu abin yi.

Ina yaro na bi mahaifina a jirgin nan zuwa Kano. Allah ya jiƙansa, kullum yana cewa wanda ya riƙe rumfa a bakin tasha ya fi mai buhu ɗari a ƙauye. Da gyaɗa ta ja baya, kwalta da manyan motoci suka ɗauke kaya, sai tasha ta yi tsit. Waɗanda suka kafe suna jiran jirgi suka karye, waɗanda suka koma bakin titi suka tsira.

To, yanzu ga sabon layi ana shimfiɗawa tun 2021, daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya har Maraɗi. Ban ce kowa ya kwashe jarinsa ya zuba a fili ba, aikin gwamnati sai haƙuri. Amma kafin ka sayar, taka da ƙafarka ka ga inda tasha za ta zauna. Ka kuma nemi takardar filinka tun yanzu, musamman mu da muke zaman baƙunta.

Ƙanen nawa dai ya fasa, sai ya gani da idonsa. Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.