ZAUREN IYALI: Waƙar da ɗanka zai kai gasa, tasa ce?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Kwanakin baya wani magidanci ya same mu bayan sallar isha'i da takarda a hannunsa. Ɗiyarsa ce ta kawo masa daga lakol. An buɗe gasar fasaha ta ɗalibai, da zane da wasan kwaikwayo da waƙa, kuma ba a rubuta sunan yaro sai uba ya sa hannu. Tambayarsa guda ce: "Malam, ya halatta in sa hannu?" Da muka karanta takardar, sai muka tarar da wata tambaya da bai yi ba a layin ƙarshe. Sharaɗin gasar shi ne waƙar ta zama ƙirƙirar ɗalibin ce, baitocinta da karinta baki ɗaya.

Bari mu fara da tambayarsa. Maganar kiɗa da waƙa tsohon saɓani ne tsakanin malamai, wannan ɗan fili ba zai yanke shi ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ta tsananta a kan sauraren kayan wasa da waƙe-waƙe. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 bayan hijira, ya ware babi guda a cikin Ihya'u, ya duba halin mai rerawa da mai saurare da abin da ake faɗa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa wasu ƴan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Annabi (SAW) bai hana su ba, kamar yadda Hassanu ɗan Sabit ya kare Musulunci da baitocinsa. Saboda haka kowane gida ya bi fatawar malamin da ya amince da ilminsa da tsoron Allahnsa. Wanda bai natsu da kayan kiɗa ba, ya tambayi masu gasar ko suna karɓar murya zalla. Amma batsa da zambo da cin mutunci, babu malamin da ya halatta su.

Tambaya ta biyu kuwa babu saɓani a cikinta, ita ce kuma iyaye suka fi mantawa. Uban da ya sa hannu a wannan takarda shaida ya bayar cewa waƙar ta ɗansa ce. In kuwa yayansa ne ya rubuta masa, ko ya ɗauko karin wata waƙar fim ɗin Indiya ya ɗora mata Hausa, ko ya umarci irin manhajojin nan na wayar salula da ke haɗa waƙa cikin ƙiftawar ido, to an yi algus, an kuma tauye haƙƙin ɗan wani da ya kwana yana gyara baitinsa. Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus a hadisin da Muslim ya ruwaito. Mun san wani yaro da ya ci kyauta da waƙar da kawunsa ya tsara masa. Da shekara ta zagayo aka ce ya wakilci makarantarsu, sai ya kasa haɗa baiti biyu. Kyautar ta daɗe da ƙarewa, amma sunan da abokansa suka laƙaba masa yana nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani zai ce ai duk mawaƙi a kan na gabansa yake gini. Gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin gado da sata. Ma'aunin waƙa gado ne na kowa. Halilu ɗan Ahmad ya tsara bahar 15, Ahfash ya ƙara na 16, malamanmu suka yi ta zuba Hausa da Fulatanci a cikinsu, babu wanda ya kira su ɓarayi. In kuma suka taɓa waƙar wani, sai su faɗa. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu ta Alfazazi ce, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, sunan kowannensu yana nan. Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, ɗiyarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Ƴan gida ɗaya ne, amma ba a cakuɗa aikin wani da na wani ba. Wannan ladabi shi ne muke son ƴaƴanmu su gada.

Kada kuma mu raina wannan fage. Taken ƙasar Nijar na shekarar 1961 Faransawa ne suka rubuta shi suka yi masa kari, sai a shekarar 2023 aka musanya shi da wani. Al'ummar da ba ta koya wa ƴaƴanta tsara nasu ba, na wasu za ta yi ta rerawa. Gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan mawaƙin nan na ƙasar Tawa, ta fito da mawaƙa da dama tun ƙarshen shekarun 1980. Abin tambaya shi ne, ƴaƴan gidajen tarbiyya za su shiga irin waɗannan fagage da kalmomi masu tsabta, ko za mu bar su ga wasu sannan mu zauna muna kukan abin da ake ji a rediyo?

Ga shawararmu ga iyaye. Kafin ku sa hannu, ku zaunar da yaron ya rera muku waƙar daga farko har ƙarshe, ku tambaye shi ma'anar kowane baiti, domin mai abu ba ya rasa amsa. Ku duba littafin da ya yi ta rubutu yana sokewa, ku sa ya riƙa rubuta kwanan wata, ya kuma ɗauki muryarsa a waya, saboda su ne hujjarsa in wani ya yi da'awa. Gyara halal ne: ku nuna masa inda amsa-amo ya karye ko inda kari ya yi ɗingishi, amma shi zai gyara da hannunsa. Ku karanta sharuɗɗan da kyau don ku san hannun wa waƙar za ta koma bayan gasa. Haƙƙin mawallafi abu ne da doka ta sani, tun yarjejeniyar Bangi ta shekarar 1977, kuma a Yamai akwai ofishin BNDA mai kula da shi. Daga ƙarshe, ku san wuri da lokacin taron, da wanda zai raka ɗiya mace, kada kuma shirin gasa ya ci lokacin salla ko na karatu.

Shi dai wancan magidanci ya koma gida ya saurari ɗiyarsa. Waƙar baiti tara ce a kan kakarta da ta rene ta, ba kiɗa sai amshin ƙannenta biyu. Ya gaya mana cewa tun haihuwarta bai taɓa sanin tana da wannan baiwa ba, kuma ya sa hannu. Ba a bayyana sakamako ba tukuna, amma ko ta ci ko ba ta ci ba, shaidar da ya bayar ta gaskiya ce.

Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare harsunanmu da hannayenmu daga haƙƙin mutane. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.